Talaka da mai kuɗi a finafinan binciken kisa: wa ake tuhuma, wa ke tambaya?

Ko yaron da ke leƙen fim ta tagar maƙwabta ya san yadda labarin binciken kisa yake tafiya. A tsinci gawa a babban gida, a rufe ƙofa a ce kada kowa ya fita, mai bincike ya iso ya bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya da tambaya, kowa ya shara ƴar ƙaryarsa, daga ƙarshe a tara su a nuna mai laifi da yatsa. Hankalin ɗan kallo duk yana kan wanda ya riƙe wuƙar. Abin da ba kasafai yake lura da shi ba, tun kafin tambayar farko an riga an raba mutanen nan kashi biyu. Akwai waɗanda ake ba kujera, a nemi afuwarsu kafin a tambaye su inda suke da ƙarfe goma na dare. Akwai waɗanda ake yi wa tambaya a tsaye a bakin madafa, ko ma a wuce su ba ko sannu. Siyasar waɗannan finafinai a cikin wannan rabon take. Wanda bai kalli finafinan da zan ambata ba ya yi haƙuri, zan tona ƙarshen wasunsu.

A 1928 wani marubucin Amurka da ke sa hannu da sunan S. S. Van Dine ya fitar da ƙa'idoji 20 na rubuta labarin bincike. Ɗaya daga ciki ta ce kada marubuci ya kuskura ya sa ɗan aikin gida ya zama shi ne mai kisan. Da jin haka sai ka ce ga mutumin kirki mai kare talaka. Ina! Dalilin da ya bayar shi ne dole mai laifi ya kasance mutum mai daraja, wanda ba a saba zargi ba. In aka ce kuku ne ya yi, an ɓata wa mai karatu lokaci ke nan. Wato bara bai ma kai a rubuta littafi a kan laifinsa ba.

Agatha Christie, wadda littafinta na farko ya fito a 1920, ita ta fi kowa gina wannan duniya ta babban gida da masu hidima. Ba daga kanta ta ƙago ta ba. Ƙidayar 1911 ta nuna mutum fiye da miliyan ɗaya ke aikatau a gidajen Ingila, akasarinsu mata. Su ke tashi kafin kowa su hura wuta, su ke gyara gado, su suka san wanda bai kwana a ɗakinsa ba. Amma a labaran, da finafinan da aka yi ta ɗauka daga cikinsu, aikinsu bai wuce su tsinci gawa su kurma ihu ba, sai kuma su faɗi ƙarfe nawa aka kai shayi. Dalilin kisan kuwa sau da yawa dukiya ce: tsoho ya yi niyyar sauya wasiyya, wani cikin dangi ya riga shi. In an kama mai laifi gida ya koma yadda yake, magaji ya ci gadonsa, masu hidima su koma madafa, ba wanda ke tambayar inda tsohon ya samo dukiyar. Abin da zan yaba wa Christie shi ne mai bincikenta, Poirot, ɗan gudun hijira ne daga Beljiyam. Manyan Ingila suna raina Turancinsa da gashin bakinsa, su saki baki a gabansa, rainin kuma ya kai su ƙasa. Amurkawa irin su Dashiell Hammett da Raymond Chandler daga baya suka fitar da gawar zuwa lungu, mai bincike ya bi sawu daga mashaya da gidan caca har ya ɓulla ƙofar attajiri. A fim ɗin Chinatown na 1974 mai binciken ya gano komai, har da yadda attajirin ke karkatar da ruwan Los Angeles don ya saye filayen manoma a banza, kuma ba abin da aka yi wa attajirin.

Mu nan Yamai ba ta wannan ƙofar muka shigo ba. Waɗanda suka tashi a zamanin da tele guda ke tara unguwa, Derrick da Columbo suka sani. Derrick na Jamus dattijo ne mai kwat da tabarau, yana shiga gidajen masu hali na Munich a matsayin tsaransu. Columbo kuwa daban yake. Peter Falk ya fara hawa matsayin a 1968, bai sauka ba sai 2003. Tun a farkon kusan kowane labari ana nuna maka mai kisan, likita ne ko mai kamfani ko ɗan siyasa, kana ganin yadda ya shirya abinsa tsaf. Sai ga wani ɗan sanda ya iso da yamutsattsiyar rigar ruwa da guntun sigari, cikin tsohuwar Fijo 403 wadda ko a Katako sai an sha ciniki kafin a karɓe ta a kilo. Attajirin ya dube shi sama da ƙasa ya yanke cewa wannan ba ya iya komai, har ya shiga koya masa aiki. Columbo ya yi ta yaba gidan, ya tambayi kuɗin takalmi, ya sako zancen matarsa, ya yi sallama ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo da wata ƴar tambaya da wai ya manta. Mai laifi dai mun san shi, don haka daɗin kallon yana wajen ganin babban mutum na amsa tambayar wanda ya raina, yana gumi, ba damar korarsa. Wasu sukan ɗaga waya su kai ƙararsa wajen manyansa, amma washegari sai ga shi ya dawo. A kan wannan dawowar aka gina labarin duka, kuma a nan ne ɗan kallo na Bukoki ko Talaje yake tuna cewa fim yake kallo.

Batun wa ake nunawa da yadda ake nuna shi ya fi fitowa fili a wajen launin fata. A shekarun 1930 Hollywood ta yi jerin finafinan Charlie Chan, mai bincike ɗan asalin Sin, amma wanda ya hau matsayin Warner Oland ne, mutumin Suwidin da aka yi wa kwalliya. A na shekarun 1940 aka haɗa Chan da direba baƙar fata, Mantan Moreland, aikinsa zare ido da makyarkyata in an ga gawa, don a yi dariya. Sai a 1967 aka yi In the Heat of the Night. An kashe wani attajiri da ya zo gina masana'anta a wani ƙaramin gari na Mississippi. Ɗan sanda ya zagaya ya tarar da baƙin mutum cikin kwat yana jiran jirgin ƙasa a tasha, aljihunsa da kuɗi. Shi ke nan, biri ya yi kama da mutum, aka tasa shi gaba. Sai a ofis aka gane ƙwararren mai binciken kisa ne daga Philadelphia, albashinsa ya fi na shugaban ƴan sandan garin. Sidney Poitier ne ya fito a matsayin, sunansa a fim Tibbs. Wurin da kowa ke tunawa shi ne inda babban mai gonar auduga na yankin ya ji haushin baƙar fata na yi masa tambaya, ya sharara masa mari, shi kuma ya rama nan take. Amma ni abin da ya sa nake ganin fim ɗin ya fi takwarorinsa gaskiya, mai gonar ba shi ya yi kisan ba. Tibbs ya so ƙwarai a ce shi ne, har son ya kusa rufe masa ido. Mai laifin wani talakan Bature ne da ke aiki a gidan abinci. Fim ɗin ya yarda cewa wanda aka zalunta ma yana iya yin zargi don haushi.

Wanda ya juya kyamara ta dubi madafa sosai shi ne Robert Altman, a Gosford Park na 2001. Labarin a 1932 yake, manya sun taru farauta a gidan wani attajiri, kowa ya zo da baransa. A ƙasan bene, inda masu hidima ke cin abinci, ba a kiran baƙon bara da sunansa, da sunan ubangidansa ake kiransa, kuma a teburi bisa darajar iyayengijinsu ake zaunar da su. Da aka kashe maigidan, sufeton da ya zo ya faɗa ƙarara cewa ba ruwansa da ƴan aiki, masu alaƙa da mamacin yake nema. Ga shi kuwa alaƙar duk tana ƙasan benen. Mamacin ya daɗe yana yi wa ƴan matan masana'antarsa ciki, yana kai jariran gidan marayu. Ɗaya daga cikinsu ya girma ya dawo a matsayin baran wani baƙo, da niyyar ramuwa. Uwarsa, shugabar masu hidimar gidan, ta gane shi, ta riga shi da guba don kada a rataye mata ɗa. Wata ƙaramar ƴar aiki ce ta warware zaren, ta kama bakinta, ta shiga mota ta bi uwargijiyarta. Sufeto ya tafi hannu rabbana.

Knives Out na Rian Johnson, 2019, shi ya dawo da wannan salon kasuwa, shi kuma aka fi kawowa in ana zancen talaka da mai kuɗi. Tsohon marubuci mai dukiya ya mutu daren bikin cikarsa shekara 85. Marta ke jinyarsa, ƴar baƙi daga Kudancin Amurka, uwarta ba ta da takardun zama. Kowa a gidan na cewa Marta ai ƴar gida ce, amma in aka zo faɗin ƙasarsu, wannan ya ce Ekwado, wancan ya ce Faragwai, wani Urugwai, wani Barazil. Ba a gayyace ta jana'iza ba, sai a ja ta gefe a ce ai an so ta zo, rinjaye aka yi. Akwai wurin da surukin gidan yake zuba jawabi kan baƙin haure, ya kira ta ta zama masa shaida, yana magana yana miƙa mata farantin da ya gama ci, alhali ma'aikaciyar jinya ce ba mai wanke-wanke ba. Duk wadda ta taɓa aikatau ta san wannan miƙa farantin. Da aka karanta wasiyya aka ji tsoho ya bar wa Marta komai, ƴar gida ta koma ɓarauniya kafin ƙiftawar ido, har jikar da ke ji da kanta a matsayin mai kare talakawa ita ta tona asirin uwar Marta.

Fim ne mai daɗi, amma ina da ƙorafi a kansa. Don ɗan kallo ya goyi bayan Marta, sai da aka mai da ita waliyyiya. Ba ta iya ƙarya, in ta yi sai ta yi amai. Ba ta nemi dukiyar ba, ba ta riƙe kowa a rai ba. Gaskiya ƙwarewarta a aikin jinya ce ta wanke ta daga zargi, amma gidan da dukiyar alherin tsoho ne da sa hannunsa, sai wani mai bincike farar fata mai kwat da ya tsaya mata. Masu kuɗin an bar su su zama mutane, da hassadarsu da kwaɗayinsu da ban dariyarsu. Ita talakar sai ta ci jarrabawar tsarki kafin a ji tausayinta. Ga kuma Fran, mai aikin gidan, wadda ita aka kashe da gaske a labarin, ana gama fim ba mai tuna ta. Na biyun fim ɗin, Glass Onion na 2022, ya koma kan attajirin fasaha a wani tsibirin Girka, ya nuna shi wawa ne da ya sace basirar abokiyar kasuwancinsa baƙar fata. Netflix ta biya fiye da dalar Amurka miliyan 400 don wannan da na bayansa. Zagin masu kuɗi ma ya zama haja, masu kuɗin kuma ke sayar da ita.

Akwai waɗanda suka taɓo wurin da ya fi ciwo. A High and Low na Akira Kurosawa, 1963, mai satar yara ya yi niyyar ɗauke ɗan wani babban jami'in kamfanin takalma, ya yi kuskure ya ɗauki ɗan direbansa, amma ya ce kuɗin fansa na nan daram. Kusan rabin farko na fim ɗin a ɗaki guda ake yinsa, a kan tambaya guda: ɗan direba ya kai a karya dukiya dominsa? Uban yaron na tsaye a gefe kai a sunkuye, nauyin ubangida ya hana shi roƙo, har ya kasa ya zube ƙasa. Masu kallon Indiya kuwa sun san Drishyam, wanda aka fara yi da harshen Malayalam a 2013, aka sake shi da Hindi a 2015. Mai sana'ar haɗa wa mutane tashoshin tele, wanda bai wuce aji huɗu ba, ya ɓoye gawar ɗan wata babbar jami'ar ƴan sanda don ya kare iyalinsa. Shi ba waliyyi ba ne, ƙarya yake shirgawa har ya koya wa ƴaƴansa, amma ban taɓa jin fadar da aka goyi bayan ƴan sandan ba. Kowa ya san abin da zai sami iyalin nan da sun je da ƙafarsu sun faɗi gaskiya.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne October 1 na Kunle Afolayan, 2014. Marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri, ɗan Arewa da Turawan mulki suka tura wani gari a ƙasar Yarbawa gab da Najeriya ta karɓi ƴancin kai a 1960, ya gano mai yi wa ƴan mata fyaɗe yana kashe su. Ba ya jin Yarbanci sai da tafinta, gari kuma bai yarda da shi ba. Da aka matsu a sami mai laifi, wa aka kama? Wani Bahaushe matafiyi da ba ya da kowa a garin, kuma kafin a kai ga shari'a uban ɗaya daga cikin ƴan matan ya kashe shi. Mai laifin na gaskiya ɗan sarkin garin ne, ɗan bokon da kowa ke alfahari da shi, wanda shi ma wani limamin mishan Bature ya lalata shi yana yaro a makaranta. Waziri ya kai rahotonsa, Turawa suka ce a bar laifin a kan mataccen Bahaushe, don tona ɗan sarki da limamin coci a irin wannan rana ba zai yi wa kowa daɗi ba. Ya bi umurni ransa na ƙuna. A nan aka nuna abin da Columbo ya ɓoye: gano gaskiya daban, samun wanda zai sa hannu a kanta daban. Mutanen Adar da ke tafiya biɗa Abijan ko Kwatano ko Legas ba sai an yi musu bayanin matsayin wancan matafiyin ba.

To, a ce wani ya tashi shirya irin wannan fim a Yamai. Cikas na farko gawar ce. Labarin bincike yana so gawa ta jira, a auna, a duba ciki. Mu kuwa wanda ya cika da asuba kafin la'asar an kai shi makwancinsa, wanda ya ce a dakata a duba sai a ce ba ya da tawakkali, ko yana zargin dangi. Na biyu wasiyya. A Musulunci, wanda kotunanmu ke bi a rabon gadon akasarin mutane a matsayin al'adarsu, mutum ba ya wasiyya da fiye da sulusin dukiyarsa, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Da a Kwara Kano Marta take, iyakarta kashi ɗaya cikin uku, shi ma in shaidu ba su noƙe ba. Inda muka haɗu da Amurkawa shi ne mai kisa ba ya cin gadon wanda ya kashe, kuma a kan wannan ƙa'idar mugun jikan tsohon ya gina makircinsa. Rigimar gado dai ba mu rasa ta ba: kishiyoyi, ƴan uba, filin da aka sayar wa mutum biyu, ɗan da aka haifa a Kurmi ya bayyana ranar sadakar uku.

Babban cikas shi ne binciken namu yakan ƙare tun bai fara ba. Ɗauki abin da ya fi kisa yawa, ɓatan kaya. An watse daga biki, Hajiya ta buɗe akwati ba sarƙar zinari. Gidan akwai samari, akwai ƙanin maigida da ya shekara yana neman aiki, akwai ƙawayen da suka shiga har ƙuryar ɗaki suka gyara ɗauri. Ba ko ɗayansu da za a tambaya, don tambayar kanta zagi ce, tana iya raba zumunci. Sai a ƙwala wa yarinyar da aka kawo daga ƙauye kira. A zazzage ledar kayanta a tsakar gida: zane biyu, ɗan kwali, man shafawa, jikka uku da ta ƙulle a bakin zane. "Ke, ina kika samu wannan?" Guminta ne, amma a wannan lokacin ya zama hujja. (Mafi ƙarancin albashin da doka ta tsayar jikka 42 ne a wata tun 2024, a je a tambayi ƴan aikin unguwa nawa suke karɓa.) Daga ita sai gardi, sai direba. In abin ya kai kwamisariya, Hajiya na bayani da Faransanci a zaune, yarinya na rantsuwa da Zabarmanci ko Hausar ƙauyensu a tsaye, a rubuta takarda da harshen da ba ta karantawa, ta dangwala yatsa. An ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, amma biron mai rubuta bayanin bai sauya ba tukuna. In daga baya sarƙar ta ɓulla wajen maƙerin zinari aka ce ɗan gida ne ya kai, sai a rufe maganar, sirrin gida ne. Ba a zuwa ƙauye a ba yarinya haƙuri. Van Dine ya hana zargin bara don bai isa ba, mu kuwa shi kaɗai muke zargi don da shi kaɗai muka isa.

Wanda yake ganin na yi zafi ya tuna shari'ar Hadijatou Mani daga yankin Ƙonni a jihar Tawa. An sayar da ita a 1996, tana shekara 12, a kan jikka 240. Bayan an ba ta takardar ƴanci a 2005 ta auri wanda take so, sai tsohon ubangidanta ya kai ƙara wai matarsa ce, aka yanke mata wata shida a gidan kaso kan aure bisa aure, alhali dokar da ta haramta bauta tana nan tun 2003. Sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da wasu suka kai maganar kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce gwamnati ta gaza kare ta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Ba wani ɓoyayyen abu a wannan lamari da za a ce sai gwanin bincike. Abin da aka rasa shekara da shekaru shi ne wanda zai auna maganarta daidai da ta ubangidanta.

Ba wai finafinanmu ba su taɓa duban masu hali ido cikin ido ba. Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, labarin alhajin da ya aure yarinyar da aka yi wa wani alkawari ne, abin ya ƙare da kisa. A shekarar ce Moustapha Alassane, wanda ya zauna Tawa a ƙarshen rayuwarsa, ya fitar da FVVA, kan ƙaramin ma'aikacin da neman mace da gida da mota ya kai shi taɓa kuɗin da ba nasa ba. Dandalin soyayya da ya mamaye kasuwa daga baya ya cika da manyan gidaje, amma sau nawa ka ga maigadi a cikinsa da ba ɗan ban dariya ba? Ya buɗe ƙofa, ya karya Hausa, a ƙyalƙyale. Ƴar aiki kuwa ko munafuka ce ko ɗiyar manya ce da ta ɓata, a ƙarshe a gane asalinta a ɗaura mata aure da ɗan gida. Wato sai an tabbatar ba talaka ba ce ta asali kafin ta cancanci daɗi. In laifi ya faru, ba kasafai bincike ke tona shi ba: ko mai laifi ya haukace ya faɗa da bakinsa, ko wani ya laɓe ya ji, ko boka ya tuba. Allah ke tona asiri, wannan haka yake, amma yana kuma sauƙaƙa wa marubuci, ba sai ya nuna wani mahaluki yana tsare Alhaji da tambaya ba. Shi ya sa nake ganin ƙirga talakawa ko baƙaƙen fuskokin da suka gifta a allo ba ya gaya mana komai kan wakilci, sai an duba wa ya san gaskiya a labarin, wa aka bari ya faɗe ta, wa ya yi tambaya aka amsa masa.

Masu sanin gaskiya ba su yi mana ƙaranci ba. Mai wankan gawa da ta ga tabo a wuya ta yi shiru, gardin da ya san motar da ta shigo bayan an ɗauke wuta, mai shayin bakin titi da duk wanda ya gifta sai ya gan shi. Mai tambayar ne da wuya. In jandarma ne, dole labarin ya yarda cewa waya ɗaya na iya kai shi Bilma kafin sati ya zagayo, kuma shi ma ya san haka tun yana cire takalmi a ƙofa. Wannan tsoron ba ɓata labarin zai yi ba, shi zai ba shi gishiri.

Sai kuma maganar inda za a ɗauki fim ɗin. Masu shirya fim a nan ba su da kuɗin gina wurin ɗauka, gidan aro suke shiga ko na haya, wani lokaci ma gidan wanda ya zuba kuɗin ne. Furodusa zai je ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya roƙi aron gida na kwana goma. Alhaji ya ce madalla, mene ne labarin? Shi kuma ya ce, ranka ya daɗe, wani alhaji ne ya kashe ɗan'uwansa a kan fili, ƴar aikinsa ta tona shi. Ina kyautata zaton kafin a tashi daga wannan zaman laifin ya koma kan direba.